Sallar Yara a Kankiya da Kusada

Hausawa sun ce Sallah biki ɗaya rana. Wanda ya fara faɗin wannan magana, ina kyautata zaton ba shi da ƙananan yara a gidansa. Domin kuwa a gidan da ake da 'yan shekara uku, da biyar, da bakwai, Sallah takan fara ne tun daren da aka ga watan azumi, ba ta kuwa ƙarewa sai ran da kuɗin barka da sallah suka ƙare, aka wanke sababbin kaya aka mai da su akwati. Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in bayyana yadda wannan lokaci yake gudana a gidajenmu na Kankiya da Kusada, da kuma abin da yara suke koya a cikinsa ba tare da wani ya zaunar da su ya ce karatu zai yi musu ba.

Ga wanda bai san wajen ba, Kankiya tana kan babbar hanyar nan da ta tashi daga Katsina ta nufi Kano. In ka baro Katsina ka wuce Caranci, sai Kankiya. In ka ci gaba sai Gidan Mutum Ɗaya da Yashe, waɗanda suke cikin ƙasar Kusada, daga nan kuma ka faɗa Jihar Kano ta wajen Tsanyawa. Kankiya da Kusada da Ingawa wakili ɗaya suke turawa Majalisar Wakilai ta Tarayya, amma abin da ya fi wannan haɗa su shi ne auratayya. Da wuya ka shiga gida a Kankiya ka rasa wadda aka auro daga ƙasar Kusada, ko wadda aka kai can. Gidanmu ma haka yake. Baba mutumin Kankiya ne, Inna kuwa daga wani ƙauye na ƙasar Kusada aka auro ta. Baba yana da mata biyu, mu 'ya'yansa mu tara ne, kuma huɗu daga ciki ba su kai shekara takwas ba. Saboda haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba.

Da farko dai ya kamata a san cewa Sallah ba ta zama wuri ɗaya. Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, ta Turawa kuwa 365, don haka kowace shekara Sallah takan ja baya da kwana 10 ko 11. Alal misali, an yi Ƙaramar Sallah ran 21 ga Afrilu a 2023, sa'an nan 10 ga Afrilu a 2024, sa'an nan 30 ga Maris a 2025. Baba ya ce a 1999 cikin Janairu aka yi ta, ana tsakiyar hunturu, har yara suka tafi Idi da rigar sanyi a kan sababbin kayansu, suna ta jin haushi an rufe musu ado. To, wannan jan baya ba zafi da sanyi kaɗai ya shafa ba, har da aljihun maigida. Yawancin mutanenmu manoma ne. Sallar da ta zo bayan kaka takan tarar da rumbu cike da gero da dawa da wake. Wadda ta zo da bazara kuwa takan tarar hatsi ya yi ƙasa, ga tunanin iri da taki na daminar da ke tafe. Yaro bai san wannan lissafi ba. Shi dai an ce Sallah.

Ran da aka ɗauki azumi tsarin gida yakan juye gaba ɗaya. Mata su tashi tun wajen ƙarfe uku na dare su hura wuta, manya su yi sahur, a yi ta lallaɓawa kada a ta da ƙanana. Amma ina! Da ƙanena Sanusi ya ji ƙarar kwano sai ya miƙe, ya rantse shi ma azumi zai yi. Akan bar shi ya ci, ya ɗauka. Wajen hantsi sai ka gan shi yana kewaya randa. Kafin azahar Inna ta ce masa, "Zo ka sha ruwa, gobe ka yi wani rabin, in haɗa maka su da allura su zama ɗaya." Azumi bai wajaba a kan yaro ba sai ya balaga, amma ta haka ake saba masa, har ran da zai kai guda cur, a yanka masa ƙwai ko a saya masa tsire don tukuici. A 2025 ma an rufe makarantu a Jihar Katsina tsawon watan azumi, watau yara suka wuni a gida duk watan. Iyayenmu mata su ne za su ba da labarin wannan, ba ni ba.

Aikin yara na sosai yakan fara ne bayan la'asar, lokacin ciyayya. Ciyayya ita ce aika abin buɗa-baki daga gida zuwa gida: kunun tsamiya, ko kunun gyaɗa, da ƙosai, wani lokaci da ɗan dafaffen abinci. Tun da matan aure ba sa fita barkatai, maza kuma suna kasuwa ko masallaci wajen tafsiri, yara su ne 'yan aike. Za ka ga 'yar shekara shida da langa a ka, an rufe da faifai, ƙanenta na biye da ita riƙe da kofin kunu da hannu biyu, yana tafiya kamar mai taka ƙwai. Kafin su fita an gaya musu abin da za su ce: a yi sallama a zaure, a durƙusa, a ce, "Inna ta ce a gaishe ki da shan ruwa." In suka manta suka miƙa kwano a tsaye, labari zai riga su dawowa gida.

Na daɗe ina ɗaukar ciyayya wasa ce kawai, domin ina ganin kunu ne ya fita, kunu ya shigo. Sai da na girma kaɗan na lura da cewa kwanukan ba daidai suke ba. Wanda za a kai gidan Baffa, da yake mai hali ne, ɗan kaɗan ake zubawa, don zumunci kawai. Wanda za a kai gidan wata maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar kuwa, Inna takan danna shi har murfi ya ƙi rufuwa. Ita kuma ba ta taɓa mai do kwanon haka nan ba, ko da 'yar daddawa ce ko busasshiyar kuɓewa sai ta saka. Da haka ba wanda zai ce sadaka aka ba ta, ita ma ba ta ji an raina ta ba. Yaron da ya ɗauki kwanon bai san abin da yake ɗauke da shi ba, amma ƙafarsa ta san hanyar gidan, kuma ba za ta manta ba.

In azumi ya kwana goma sai tashe. Bayan an sha ruwa yara su haɗu ƙungiya-ƙungiya, maza daban mata daban. Wani ya manna gemun auduga ya ɗauki sanda ya zama tsoho, wani ya cusa tsumma a riga ya zama mai ƙaton ciki, 'yan mata su kifa ƙwarya a ruwa suna kaɗawa. Su bi gida-gida, a ba su hatsi ko 'yan kuɗi, su tara wajen uwar ɗakinsu har Sallah. Yanzu tashe ya ragu ƙwarai, iyaye da yawa ba sa son yara su yi nisa da dare, sai dai a yi a unguwa a dawo da wuri.

Sai babbar magana, watau kayan sallah. A nan ne ake gane maigida, a nan ne kuma gidaje da yawa suke samun saɓani. Abin da ake sa rai a yi wa yaro namiji shi ne riga da wando na yadi ko shadda, da hula, da takalmi. Mace kuwa atamfa ko leshi, da ɗankwali, da hijabi ko gyale, da takalmi, da 'yan kunne da warwaro. Mai hali yakan yi kala biyu ko uku, domin Sallah kwana uku ake yawonta. Mai karatu ya lissafa wannan sau tara, ya ga abin da ke gaban Baba.

Kuɗin ba daga aljihu ɗaya suke fitowa ba. Maigida yakan fid da buhun wake ko gero ya kai kasuwa. Uwa kuma tana da nata tanadi: wata ta yi kiwon akuya ko tunkiya don wannan rana, wata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi, wata ta roƙi uwar adashi a ba ta kwasa cikin azumi. Bisa ga yadda aka saba, uba shi ke yin manyan kaya, uwa ta cika ƙananan, irin su 'yan kunne da kuɗin kitso. Sa'an nan ga kawu da goggo. Yaron da aka sa wa sunan wani, to mai sunan yakan aiko masa da wani abu, ko hula ce. Yarinyar da goggonta ta ce tata ce tun ran suna, ita ma akan jira a ga abin da zai fito daga can.

A gidan da ke da mata biyu kuwa sai an yi taka-tsantsan. Baba dabararsa ita ce ya sayi yadi iri ɗaya, a yanka wa maza duka, ya sayi atamfa iri ɗaya a yanka wa mata duka, tela ɗaya, ɗinki ɗaya. Mutane suna ganinmu a hanya su ce anko muka yi don ƙawa. Ba ƙawa ba ce, maganin ƙorafi ne. Duk da haka ba a rasa 'yar magana, domin in dangin wani ɗaki sun fi na wani ɗakin ƙarfi, sai a wayi gari wannan yana da kala uku, ɗan'uwansa yana da ɗaya. Na ga Umma, abokiyar zaman Inna, ta karɓi turmin atamfa da yayanta ya aiko daga Kano don 'ya'yanta, ta sa aka raba har da ƙanwata Hajara. Ba kowane gida ake samun haka ba, shi ya sa na faɗa.

Amma sayen yadi rabin aiki ne, sauran rabin yana hannun tela. A farkon 2023, bayan da aka canja fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuɗi suka yi wuyar samu a hannu, Baba bai iya sayar da wakensa da wuri ba. Sai da azumi ya raba tsakiya muka kai ɗinki. Tela ya karɓa ya ce ba komai. Ran jajibere da yamma aka karɓo na kowa, ban da na Sanusi, wanda a lokacin yake shekara shida. Aka ce in je in zauna a shagon kada in taso sai da kayan. Na tarar da mutum fiye da goma a kan benci, kowa da irin tawa matsalar. Wuta ta ɗauke, tela ya koma keken ƙafa, yaronsa na haska masa da fitilar waya. Sai bayan ƙarfe biyu na dare aka miƙo mini riga da wando ko guga babu.

Da asuba aka sa wa Sanusi. Wandon ya yi masa tsawo, bai damu ba. Wuyan rigar ya karkace, bai ko duba ba. Sai ya laluba gefe, ya laluba ƙirji, ya fashe da kuka: ba aljihu. Ya ce to a ina zai zuba kuɗin barka da sallah? Inna ta bar tukunya a kan wuta, ta nemo ƙyallen da ya rage, ta ɗinka masa aljihu da zare da allura yana tsaye a cikin rigar. Mu muka yi ta dariya. Amma daga baya na tuna cewa a unguwarmu akwai yaran da ba aljihu suka rasa ba, rigar ce babu. Irin waɗannan sukan ƙi fita ran Sallah, su laɓe a ɗaki, ko su tsaya bakin zaure suna kallon 'yan'uwansu. Babba yana iya wanke tsohuwar rigarsa ya tafi Idi ba abin da ya dame shi, yaro ba ya iyawa. Don haka ne masu hali da ƙungiyoyin unguwa suke ɗinka wa marayu kaya cikin azumi, kuma wanda zai yi, gara ya yi da wuri, tun tela bai cika ba.

Kwana ɗaya ko biyu kafin Sallah akan fid da zakkar fid-da-kai. Baba yakan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a kawo buhun gero, ya riƙa aunawa da mudun Annabi, huɗu-huɗu ga kowane mutum da yake ciyarwa, yana kiran suna. Yara sukan kewaye shi suna jiran a zo kansu. Har jaririn da ke goye ana auna masa. Mu goma sha biyu ne da shi da matansa, watau mudu 48 ke nan. Sa'an nan a ƙulla a ba mu mu kai gidajen da ya ambata, a kuma ja mana kunne kada mu tsaya surutu a hanya. Dole ta isa kafin a sauko daga Idi, don su ma su ɗora tukunya.

Ran jajibere gida ba ya zaunuwa. 'Yan mata suna layi gidan makitsiya tun safe, ƙanana suna kuka ana riƙe musu kai, ana lallashinsu da alewa. Da dare a yi ƙunshi, a naɗe ƙafa da hannu da leda da tsumma, a ce kada a motsa, wanda kuwa bai taɓa yiwuwa ga 'yar shekara huɗu ba. Da safe sai a ga rabin lallen a kan tabarma. A nan zan ɗan ja hankalin iyayenmu mata: baƙin lallen nan da ake haɗawa da rini yakan ƙona fatar wasu yara, jan lalle na gargajiya ya fi lafiya. Maza kuma a kai su wajen wanzami ko mai aski. Ana cikin wannan ana suyar cincin da dubulan, ana jiƙa shinkafar waina, kunne kuma yana kan rediyo, ana jiran sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato cewa an ga wata. In aka ce ba a gani ba, sai a cika talatin, tela ya yi hamdala, yara su yi tsaki.

Ran Sallah kanta ba ta da tsawon bayani, kowa ya san ta. Wanka da sassafe, a sa kaya, a shafa turare, a ɗan taɓa abinci kafin a fita, domin haka sunna ta nuna a Ƙaramar Sallah. Baba ya riƙe hannun ƙanana, mu manya mu ɗauki tabarmi, a nufi filin Idi ana kabbara. Raka'a biyu ce, ba kiran salla ba iƙama, sai huɗuba, sa'an nan a sake hanya wajen dawowa. Aikina a filin Idi shi ne gadin takalma da ƙidaya kawuna, domin ba shekarar da ba a jin cigiyar yaro. Bisa al'ada hakimai sukan tafi Katsina da dawakinsu don hawan Sarki, kuma yaron da aka taɓa kai shi kallon wannan hawa yakan shekara yana ba da labari. A 2020 ba a yi hawan ba saboda annobar korona. In an dawo gida sai rabon tuwon sallah, tuwon shinkafa da miyar taushe ko waina, kwanukan nan na ciyayya su sake fita.

Daga nan sai yawon sallah, wanda a ganina shi ne zuciyar abin duka. Yara suna ɗaukarsa neman kuɗi ne, amma ba a barinsu su bi son ransu. Akwai tsari. A fara da kakanni na wajen uba, sai baffanni da goggonni, sai maƙwabta, sai malamin makarantar allo, har da ungozomar da ta yanke wa yaro cibiya in tana da rai. Akan haɗa ƙanana da babba guda ya ja su. A kowane gida a tuɓe takalmi, a durƙusa, a ce, "Barka da sallah," a amsa, "Barkanmu da juna, Allah ya maimaita mana." Ana fitowa sai ƙaramin ya tambaya, "Yaya, wannan wace ce tamu?" Sai ka ce, "Goggo ce, ita ke bin Baba, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya." A gida na gaba ka ce, "Wannan kakansa da kakanmu wa da ƙane ne." Ni ma haka aka yi mini. Ba wanda ya taɓa zana mini asalin gidanmu a takarda, da ƙafa na koye shi.

Kuɗin da ake bayarwa su ma suna da nasu lissafi. Tun kafin Sallah magidanta suke neman canji, an fi son sababbin takardu masu ƙamshi. Yara sun san kuɗi da fuska tun ba su iya karatu ba: naira 20 ita ce Murtala, wadda aka fara bugawa a 1977, naira 200 kuma mai Sardauna. A da Murtala babbar kyauta ce, yanzu yaro yakan karɓa ya juya ta ya dube ka. Kakarmu ta Kusada kuwa har yau ba ta bar lissafin da ba, ko da yake tun ran 1 ga Janairu 1973 aka koma naira da kwabo. Naira biyu fam ce a wurinta, naira 200 kuma jaka. In yara sun dawo da yamma, uwa takan zaunar da su ta tambayi wa ya ba da nawa. Ba kwaɗayi ba ne. So take ta san abin da za ta ba 'ya'yan wancan gida in sun zo, kada ta gaza. In ka duba da kyau, abin da Baba ya fitar wa 'ya'yan mutane kusan shi ne yake dawowa a aljihun nasa 'ya'yan. Kuɗin zagayawa kawai suke yi, amma kafin su gama zagayen yara sun shiga gida talatin.

Daga ƙarshe uwa ta ce, "Kawo in ajiye maka." Kowane ɗalibi da ke karanta wannan ya san ƙarshen wannan ajiya. Sai dai in faɗi gaskiya, akuyar da ake kira tawa a gidanmu da irin waɗannan kuɗi aka saye ta, kuma 'ya'yanta sun sha saya mini littattafai.

Kashegarin Sallah ko rana ta uku ita ce ta dangin uwa. Mu a ranar muke shiga mota mu tafi ƙasar Kusada. Da mun sauka Kaka za ta tare Sanusi, ta ce, "Kai maigida, haka za ka zo mani hannu rabbana? Ina tufan sallata?" Shi kuma ya ce ya sake ta tun da ba ta da haƙora. Ta juya kan Hajara ta ce kishiya ta zo ƙwace mata miji, ba za ta ba ta fura ba. Wannan wasa tsakanin jika da kaka ba raini ba ne, kowa ya san haka. A can ne kuma ake haɗuwa da taubasai, 'ya'yan kawu, a yi ta tsokanar juna. A dawo da yamma da gyaɗa da zabi da ƙwaryar fura.

To, wannan tafiya ita ce ta fara yin wuya. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya ninka, uwa mai yara huɗu sai ta yi tunani kafin ta fita. Ga kuma matsalar 'yan bindiga da ta addabi sassa da yawa na Jihar Katsina a shekarun nan, wadda ta sa ko an je ƙauye ba a son kwana, ana yin la'asar ake haramar dawowa. Saboda haka mutane da yawa sun koma gaisuwa ta waya, a turo goron sallah ta asusun banki. Kuɗi suna isowa, amma yaro bai ga fuskar wanda ya aiko ba. Mun yi Sallah biyu ba mu je Kusada ba. Da muka je a ta uku, Kawu ya miƙa hannu zai ɗauki Hajara, sai ta ƙanƙame Inna tana ihu kamar ta ga baƙo. Aka yi dariya, amma na ga Inna ba ta yi ba. Ban ga laifin iyayen da suka fasa tafiya don tsoro ba, rai ya fi komai. Amma in don kuɗi ne kawai, ni a ganina gara a rage kala ɗaya daga kayan sallah a biya kuɗin mota. Kala ta biyu wata shida ne ta yi wa yaro kaɗan.

Ko a cikin gari ma akwai abin lura. Babbar hanyar Kano ta ratsa Kankiya, ran Sallah kuwa motoci da babura ba sa tsayawa, samari suna gudu don a gan su. Bai kamata a bar 'yan ƙasa da shekara bakwai su tsallaka titi su kaɗai ba, ko da gidan Goggo yana can hayi ana hango shi.

Bayan wata biyu da kwana goma sai Babbar Sallah, ran 10 ga Zulhajji. Ita ba ta da ɗokin kaya kamar Ƙarama, gidaje da yawa kayan da aka ɗinka a baya ake fiddowa. Ɗokinta rago ne. Masu saye sukan nufi kasuwannin dabbobi irin ta Caranci, amma a gidaje da yawa ragon a gida aka yi kiwonsa, kuma yara ne suka yi ta yankan ciyawa da kai masa dusa. Saboda haka ran yanka akan sami mai kuka. Sanusi ya taɓa rantsewa ba zai ci naman ragonsa ba, ya kuwa cika alkawari har zuwa lokacin da aka soya hanta. Ran farko kayan ciki ake ci, a ƙafe ragon a jikin itace kusa da wuta, kashegari a yanyanka, a fid da na maƙwabta da na mabukata, yara su sake ɗaukar kwanuka. Sauran a soya shi ƙayau a zuba a tukunya a rufe, uwa ta ɗora a inda take zaton hannu ba ya kaiwa.

Rana ta huɗu gari yakan yi tsit. A sami mai ciwon ciki ɗaya ko biyu saboda haɗa nama da alewa da lemo, a dama musu ruwan gishiri da sukari, in abin ya ƙi a kai su asibiti. Balan-balan sun fashe, tabarau na roba ya karye, agogon da ba ya tafiya ya ɓata. Inna ta wanke sababbin kaya ta ninke, ta ware na Sanusi da suka fara ɗagewa ta ce na ƙanensa ne baɗi. Rigar nan mai aljihun hannu ma tana nan a akwatin, yanzu mutum na biyu ke sa ta.